Majami'ar Ƙauye da Ɗan Fasto Ya Zana

A birnin Amstadam na ƙasar Holand akwai wani babban gida inda ake ajiye zane-zanen Vincent van Gogh, mutane kuwa daga ƙasashe dabam dabam sukan je kallo. A cikin zane kimanin 200 da ke wurin akwai wani ɗan ƙarami, tsawonsa santimita 41 da rabi, faɗinsa kamar 32, wato bai fi faifan da mace take bakace da shi ba. Ba shi da launi mai ɗaukar ido irin na sauran ayyukan mutumin nan. Hoton wata ƙaramar majami'a ce ta ƙauye, an tashi daga sujada, jama'a suna fitowa. Mai gaggawa zai wuce shi bai lura ba. Amma wanda ya tsaya ya duba da kyau, ya kuma san yadda aka yi zanen, zai tarar da wata tsohuwar tambaya tana jiransa. Me ke sa wurin sujada ya zama wuri mai tsarki? Ginin ne, ko kuwa mutanen da suke taruwa a ciki? Mene ne kuma matsayin wanda ya tsaya a waje yana kallo, bai shiga ba?

Tambayar nan ba ta Turawa kaɗai ba ce. Duk inda masu bi suke 'yan kaɗan a gari, suna taruwa a ɗakin laka mai rufin kwano, ko a rumfar kara, suna ta tara baiko shekara da shekaru domin su yi gini na siminti, tambayar tana zaune tare da su, ko sun furta ta ko ba su furta ba.

Abin da ke cikin zanen

Majami'ar tana tsakiyar hoton, da bango mai duhu, da tagogi dogaye, da wata 'yar hasumiya a kan rufin. Dogayen itatuwa sun tsaya a gefenta, sun fi ta tsawo, rassansu kusan tsirara, sai ɗan ganye ja-ja da ya rage, irin na lokacin da sanyi yake gabatowa a ƙasashen nan. Sararin sama ya yi fari-fari, ba rana mai zafi. A gaban ginin akwai shinge, a gaban shingen kuma hanya, a kan hanyar ne mutanen suke tafiya, galibinsu mata, waɗansu sun yafa mayafi baƙi na makoki. Ba a zana fuskar kowa sosai ba, ba wanda za a iya nunawa a ce wane ne. Ba mala'ika a sama, ba haske mai saukowa, ba wata al'ajibi. Ranar Lahadi ce kamar kowace Lahadi, a ƙauyen manoma da masaƙa.

Sunan ƙauyen Nuenen, yana kudancin Holand, kusa da garin Eindhoven. Yawancin mutanen yankin 'yan Katolika ne, saboda haka ikkilisiyar Furotesta da take taruwa a wannan ɗaki ƙarama ce ƙwarai. Ginin da kansa ya nuna haka, gama an yi shi daidai da yawan masu shigarsa.

Wanda ya zana shi

An haifi Vincent van Gogh a ranar 30 ga Maris 1853. Mahaifinsa, Theodorus van Gogh, fasto ne, kakansa ma fasto ne. Shi ma a ƙuruciyarsa ya yi marmarin aikin Ubangiji. Ya tafi Amstadam a 1877 domin ya shirya shiga makarantar tauhidi, amma karatun ya gagare shi. A 1879 aka ɗauke shi mai bishara na gwaji a yankin Borinage na ƙasar Beljiyam, a cikin masu haƙar kwal, mutane matalauta da aikinsu ke cike da hatsari. A can ya raba tufafinsa ga mabukata, ya bar ɗakin da aka ba shi ya koma wata bukka, yana jinyar marasa lafiya da waɗanda suka ji rauni a ramin kwal. Bayan wata shida, kwamitin da ya ɗauke shi ya ƙi sabunta masa aikin. Wannan abu ya yi masa zafi ƙwarai. Daga 1880 ya ba da kansa ga aikin zane, zuciyarsa kuma ta fara yin sanyi game da ikkilisiya da shugabanninta. A ranar Kirsimeti ta 1881 ya ƙi zuwa sujada, suka yi faɗa mai tsanani da mahaifinsa, har ya bar gidan a ranar.

A 1882 aka mai da mahaifinsa Nuenen ya zama faston wannan ƙaramar ikkilisiya. A Disamba 1883 Vincent ya komo gidan iyayensa, yana da shekara 30, ba mata, ba aikin albashi, ƙanensa Theo ne yake aiko masa da kuɗi. Zaman bai yi daɗi ba. Uba da ɗa suna ƙarƙashin rufi ɗaya, amma kowa da inda ya fuskanta.

A Janairu 1884 mahaifiyarsa, Anna, ta faɗi sa'ad da take sauka daga jirgin ƙasa a garin Helmond, ƙashin cinyarta ya karye, ta kwanta a gado makonni da yawa. Ɗan nan da ake gani kamar ɓataccen gida shi ne ya zauna yana jinyarta da haƙuri, har iyalin suka yaba masa. A kwanakin nan ne ya ɗauki kayan aikinsa, ya je ya zana majami'ar, ya kawo mata. Matar fasto ba ta iya tafiya ɗakin sujada, sai ɗanta, wanda ya daina shiga ɗakin, ya kawo mata shi har bakin gado.

A lokacin, zanen ba kamar yadda yake yau ba ne. A wasiƙar da ya aika wa Theo ya yi ɗan zanen hoton da alƙalami, a nan kuwa abin da ke gaban majami'ar wani manomi ne shi kaɗai, ɗauke da shebur. A ranar 26 ga Maris 1885 mahaifinsa ya rasu farat ɗaya. Bayan watanni, Vincent ya sāke ɗauko zanen, ya shafe manomin da fenti, ya zana jama'a masu fitowa daga sujada a gurbinsa, ya sa wa matan mayafin makoki, ya ƙara wa itatuwan busasshen ganye. Masana da yawa suna ganin mutuwar mahaifinsa ce ta sa ya yi wannan canji. Ta haka zane ɗaya ya ɗauki kaya biyu: da farko gaisuwar rashin lafiya ga uwa, daga baya ta'aziyyar uba.

Ko ya dace mai bi ya tsaya kallon irin wannan zane?

Kafin a ci gaba, akwai wata damuwa da ya kamata a amsa. Wani mai bi zai ce, ai doka ta biyu ta hana yin siffofi (Fitowa 20:4-5), me ya haɗa Kirista da yabon hoto? Wannan damuwa ba ta wofi ba ce. Ƙasar da aka yi zanen ma ta san ta sosai, gama a 1566 taron jama'a suka bi majami'u a Holand da Beljiyam ta yau suna farfasa gumakan tsarkaka da hotunansu. Ikkilisiyar mahaifin Vincent daga wannan tushe ta fito, shi ya sa ɗakunan sujadarsu ba su da ado, sai bagadin wa'azi da kujeru.

Amma abin da dokar ta hana shi ne a yi siffa domin a rusuna mata, a bauta mata. Allahn da ya ba da dokar shi ne kuma ya cika Bezalel da gwaninta domin aikin alfarwa ta sujada (Fitowa 31), shi ne ya umarta a ƙera kerubobi a kan akwatin alkawari (Fitowa 25). Labarin macijin tagulla ya fi kowane bayyana iyakar. Musa ya yi shi bisa ga umarnin Allah, waɗanda suka dube shi suka warke (Littafin Ƙidaya 21). Bayan ɗaruruwan shekaru, da mutane suka fara ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Tagullar ba ta sāke ba, zuciyar masu kallo ce ta sāke. Saboda haka ma'aunin shi ne wannan: idan hoto ya tsare zuciya a kansa, har mutum ya sa ran samun kāriya ko albarka daga gare shi, ya zama gunki. Idan kuwa ya sa mutum ya tuna da Allah da maƙwabcinsa, to, yana aikin da misali yake yi a cikin wa'azi. Duk da haka, ɗan'uwan da ya fito daga bautar tsafi, wanda lamirinsa bai natsu da kowane irin hoto ba, kada a matsa masa, kada kuma a rena shi. Manzo Bulus ya yi gargaɗi a kan wannan a Romawa 14.

Ina tsarkin wurin yake?

Abu na fari da mai kallo zai lura shi ne, mai zanen bai nuna cikin majami'ar ba. Ba a ga bagadi ba, ba a ga mai wa'azi ba. Ya zaɓi lokacin da aka gama waƙa ta ƙarshe, aka sa albarka, ƙofa ta buɗe. Ginin yana baya, mutanen suna gaba, su ne suka fi kusa da idon mai kallo. Wannan tsari ya yi daidai da koyarwar Littafi Mai Tsarki. Sa'ad da Sulemanu yake keɓe Haikali, shi da kansa ya yarda cewa sammai ma ba su isa su ɗauki Allah ba, balle gidan da hannunsa ya gina (1 Sarakuna 8:27). Istifanas ya maimaita wannan a gaban majalisa, Bulus kuma ya faɗa wa mutanen Atina. Da matar Samariya ta tambayi Yesu wane dutse ne daidai wurin sujada, sai ya ɗauke hankalinta daga wuri, ya mai da shi ga irin sujadar da Uba yake nema (Yahaya 4). Bitrus kuwa ya kwatanta masu bi da duwatsu masu rai da ake gina gida da su (1 Bitrus 2:5). Idan haka ne, matan nan masu baƙin mayafi da suke tafiya tare a kan hanya, suna ɗauke da baƙin cikin juna, su ne ikkilisiyar Nuenen. Ɗakin da ke bayansu masaukinsu ne na ranar Lahadi.

Sai dai wani zai zarce ya ce, to, ashe ginin ba kome ba ne, kowa ya zauna a gida ya yi addu'arsa. Zanen da kansa ya ƙi wannan magana. Me ya sa ɗan bai zana wa uwarsa furanni ko gona ba? Domin ya san abin da take kewa. A ɗakin nan mijinta yake wa'azi, a nan take zama kowane mako, a nan take gaisawa da 'yan'uwa. Mutum jiki ne da rai, tunaninsa kuma yana manne da wurare. Inda aka yi wa yaro baftisma, inda aka ɗaura aure, inda aka ajiye akwatin gawa aka yi waƙa, wurin yakan zama shaida ga amincin Allah, kamar dutsen da Sama'ila ya kafa domin tunawa da taimakon Ubangiji (1 Sama'ila 7:12). Bangon ba ya ba da tsarki, amma yana riƙe da tunawa, yana kuma tara mutanen da in ba shi ba da sun watse.

Masu bi a Nijar sun ga ɓangarorin nan biyu da idonsu. A tsakiyar Janairu 2015 aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Mutane suka yi kuka a kan gine-ginen, kukansu kuwa daidai ne, gama wahalar shekaru ce ta zama toka. Amma ikkilisiyoyin ba su ƙone ba. Suka ci gaba da taruwa, daga baya aka sāke gina ɗakuna da yawa. Wanda ya rena ginin bai san darajar abin da ya tara jama'a ba, wanda kuma ya ɗauka ginin shi ne ikkilisiya, da ya fid da zuciya a ranar.

Akwai kuma darasi a manomin nan da aka shafe. Har yanzu yana nan a ƙarƙashin fentin, masu sujada suna tafiya a kansa. Ana iya fahimtar wannan ta hanya mai daɗi, wato mai sujada na ranar Lahadi shi ne manomin ranar Litinin, ibada da aiki kuwa a ƙyalle ɗaya suke. Amma akwai gargaɗi a ciki. Abu ne mai sauƙi taron masu kyawawan tufafi su rufe matalaucin da yake bakin hanya, har ba a ƙara ganinsa. Yakubu ya tsauta wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya kujerar gaba, ta bar matalauci a tsaye (Yakubu 2). A wannan ƙauye, a shekarar 1885 ɗin, Vincent ya zana wani iyalin manoma suna cin dankalin Turawa a ƙarƙashin fitila ɗaya, hannuwansu sun yi kanta da aiki. Bai manta da su ba. Ikkilisiyar da ta gama gininta ya kamata ta tambayi kanta ko ita ta manta.

Mutumin da ke bayan shinge

Kowane zane yana da wurin da mai yinsa ya tsaya. A nan, mai zanen yana hayin hanya, shinge yana tsakaninsa da ƙofar. Wanda ya kalli hoton, dole ya tsaya inda ɗan faston ya tsaya, ya ga ikkilisiya kamar yadda na waje yake ganinta. Abin mamaki kuwa, ba ba'a a cikin zanen, ba ɗaci. Mutumin da ya yi faɗa da mahaifinsa a kan zuwa sujada ya zana ɗakin mahaifin nan da ladabi, kamar wanda yake kallon gidansu daga nesa.

Kada a mai da Vincent waliyyi. Mutum ne mai wuyar zama, mai kaifin harshe, ya ɓata wa iyayensa rai sau da yawa. Kada kuma a mai da mahaifinsa azzalumi, gama ya buɗe wa ɗansa ƙofa sa'ad da ya komo hannu wofi, har aka ba shi wani ɗaki a bayan gidan ya yi aikinsa. Mutane biyu ne da suke ƙaunar juna, suka kāsa fahimtar juna, mutuwa kuwa ta riga sulhu isowa. A Oktoba 1885 Vincent ya zana babban Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa, a buɗe a Ishaya 53, surar Bawan nan mai shan wuya, da kyandir a gefe wanda ya mutu, da wani littafin labari na Faransanci a gabansa. Wanda ya yar da bangaskiyar gidansu gaba ɗaya ba zai zaɓi wannan sura ba. A Nuwamba na shekarar ya bar Nuenen, bai ƙara taka ƙasar Holand ba. Ya sha fama da ciwon taɓin hankali a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu a Faransa a ranar 29 ga Yuli 1890, yana da shekara 37, kwana biyu bayan raunin harsashi da ya ce shi ya yi wa kansa. Hukuncin ransa yana hannun Allah, wanda ya san abin da mutane ba su sani ba.

Kusan kowace ikkilisiya tana da irin wannan mutum. Wani ɗan fasto ne da ya ga abin da ya sa shi tuntuɓe. Wata yarinya ce da aka sa ta a horo, aka manta a maido ta. Wani mai bishara ne da aka sallama ba tare da kalma mai daɗi ba. Ba sa shiga, amma ba su yi nisa ba. Sukan zo ranar jana'iza su tsaya a baya, sukan aiko da gudummawa a ɓoye, idan uwa ta kwanta ciwo sau da yawa su ne a bakin gadon. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A misalin ɗan da ya ɓata (Luka 15), uban ya fita daga gida sau biyu, da farko domin ya tarye ƙaramin a hanya, daga baya domin ya lallashi babban da ya ƙi shiga. Duka biyun a waje ya same su. Ikkilisiyar da take jira a ciki kawai, tana ƙirga waɗanda suka zauna a benci, ba ta bi halin uban nan ba.

Wannan ba ya nufin a daina horo, ko a ce zuwa sujada da rashin zuwa duk ɗaya ne. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta gargaɗi masu bi kada su bar taruwa (Ibraniyawa 10:25), shinge kuma yana da amfaninsa. Amma manufar horo ita ce a maido ɗan'uwa, shingen da ba shi da ƙofa kuwa kurkuku ne ga na ciki, katanga ce ga na waje.

Zanen da ya ɓata, aka same shi

Zanen nan ma ya yi tasa tafiyar. A ranar 7 ga Disamba 2002 ɓarayi suka hau rufin gidan ajiyar da tsani, suka fasa taga, suka sace shi tare da wani zanen bakin teku. Shekara kusan 14 ba a ji ɗuriyarsa ba. A Satumba 2016 jami'an tsaron Italiya suka same su duka biyu a wani gida a garin Castellammare di Stabia, kusa da Napoli, a lokacin binciken masu fataucin miyagun ƙwayoyi. A 2017 aka maido da su Amstadam, aka gyara su, a 2019 kuma aka sāke rataye su a inda jama'a za su gani. Waɗanda suka riƙe zanen a ɓoye sun san yana da tsada, amma kyautar da ɗa ya yi wa uwarsa mara lafiya ta zama musu kadara kawai. Haka ma ɗakin sujada yake iya zama ga waɗanda suke faɗa a kan fili da asusu da kujerar shugabanci.

Ƙaramar majami'ar tana nan tsaye a Nuenen har yau, baƙi kuma sukan je su tsaya a inda mai zanen ya tsaya. Amma mai bi da yake Maraɗi, ko Garwa, ko zangon Kumasi, ba ya bukatar tafiya Holand kafin ya ga abin da hoton ya nuna. Ran Lahadi mai zuwa, sa'ad da aka sa albarka aka buɗe ƙofa, ya ɗaga ido ya dubi hayin hanya. Idan akwai wanda ya daɗe bai shigo ba, ya haye ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar gidansa, kafin ya wuce.